Daga Hargitsi Zuwa Daidaito: Nazari a Kan Filayen Geji Bayan Karon Ƙwayoyin Zarra

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ga abin da wannan maƙala za ta yi magana a kansa, ko da bai lura ba. Idan mai shayi ya zuba madara mai sanyi cikin ruwan shayi mai zafi, da farko za a ga fari a nan, ja a can, wani gefe da zafi, wani gefe da sanyi. Bayan ya jujjuya shi daga wannan kofi zuwa wancan, sai launi ya zama ɗaya, zafi ma ya zama ɗaya. Halin farko shi ne masana kimiyyar fiziks ke kira nesa da daidaito, na ƙarshe kuwa daidaito. Tafiyar da ke tsakanin halayen biyu ita ce ta fi wuyar bayani.

A kofin shayi wannan tafiya tana cin 'yan sakanni. Akwai kuma inda ake yin ta cikin lokacin da ya fi ƙarfin tunanin mutum ƙanƙanta, wato cikin manyan na'urorin da masana suka gina a Amurka da Turai domin gwara cibiyoyin ƙwayoyin zarra na zinariya ko na dalma da juna. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa abin da irin wannan karo ke haifarwa yana fara kwarara kamar ruwa tun kafin ya kai ga daidaito, kuma dalilin haka yana cikin halayyar wasu abubuwa da ake kira filayen geji. Da yake masu karatu ɗaliban harshe ne, an kauce wa dogon lissafi, an kuma bayyana ma'anar kowace kalma kafin a yi aiki da ita.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Fili

A Hausar yau da kullum fili shi ne sarari, kamar filin ƙwallo ko filin noma. A fiziks an faɗaɗa ma'anar kalmar. Fili abu ne da yake shimfiɗe a ko'ina cikin sarari, yana da ƙima a kowane wuri da kowane lokaci. Alal misali, idan aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda aka sa mayen ƙarfe a ƙarƙashinta, garin zai jeru layi-layi. Waɗannan layuka hoton filin mayen ƙarfe ne. Michael Faraday na Ingila ne ya kawo wannan tunani a ƙarni na 19, sannan a 1865 James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa lantarki da mayen ƙarfe da haske duk fili guda ne. Daga baya aka gano cewa kuzarin wannan fili yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, aka kira kowane ƙunshi foton.

2.2 Geji

Geji kalmar aro ce da ta daɗe da zama a bakin direbobi da makanikai. Mai faci yakan sa geji ya auna iskar taya. Masanin lissafi na Jamus, Hermann Weyl, shi ya shigo da ita fiziks a 1918, kuma kalmar Jamusancin da ya yi amfani da ita tana nufin tsayar da ma'aunin da kowa zai bi.

Domin a fahimci filin geji, mu ɗauki misalin ɗan kasuwa mai fataucin hatsi. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, amma hatsin da ke cikin buhu ba ya ƙaruwa ko raguwa saboda an sauya mudu. Abin da ɗan kasuwan yake buƙata shi ne jadawalin da zai gaya masa mudu nawa na wannan kasuwa ne ke daidai da mudu nawa na kasuwar da ke gaba. Wannan jadawali shi ne filin geji. Idan wata kasuwa ta sauya mudunta, jadawali zai sauya, amma babu abin da ya faru da hatsi. To, amma a ce ya zagaya kasuwanni huɗu yana juya lissafi, da ya dawo inda ya fara sai ya tarar lissafin bai zo daidai da na farko ba. Wannan bambanci babu sauyin mudun da zai kawar da shi. A fiziks irin wannan bambanci shi ne ƙarfi na zahiri da ke tura ƙwaya ko ya jawo ta. Abin da ake aunawa a can ya yi kama da hannun agogo da ke maƙale da kowace ƙwaya, kuma kowane wuri a sarari yana da 'yancin zaɓar inda ƙarfe 12 zai kasance.

2.3 Kwak da Guluwon

A 1954, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York, Chen Ning Yang da Robert Mills suka faɗaɗa wannan tunani zuwa ga filayen da jerin aiki yake da muhimmanci a cikinsu. Mai karatu zai iya gwadawa da littafi. Ya aza shi kwance a kan tebur, ya tayar da shi tsaye, sannan ya kwantar da shi ta gefen dama. Ya sake farawa, amma a wannan karo ya fara da mirgina shi ta dama kafin ya tura shi gaba. Zai ga littafin bai ƙare a hali ɗaya ba. Sakamakon wannan a lissafi babba ne: ƙunsoshin irin wannan fili su da kansu suna ɗauke da caji, don haka suna jin juna. Hasken tocila biyu yakan ratsa juna ba tare da wani ya taɓa wani ba, domin foton ba shi da caji. Filayen Yang da Mills kuwa suna bugun juna, ƙunshi ɗaya ya rabu biyu, biyu su haɗe su zama ɗaya.

Inda wannan ra'i ya sami gida shi ne cikin cibiyar ƙwayar zarra. Cibiyar ta ƙunshi furoton da niyutiron, kuma a 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa ta nasa ɓangare, suka kawo shawarar cewa kowanne daga cikinsu ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Kwak yana da wani irin caji mai nau'i uku da aka laƙaba wa suna launi: ja da kore da shuɗi. Laƙabi ne kawai, ba shi da alaƙa da launin da ido ke gani. Filin gejin da ke ɗaure ƙwayoyin kwak shi ne filin guluwon, sunan da aka samo daga kalmar Turanci mai nufin gam. Guluwon iri takwas ne, kuma an ga alamarsa a gwaji a birnin Hambug na Jamus a 1979. Ra'in da ya haɗa waɗannan duka ana taƙaita sunansa da QCD. A nan za mu kira shi ra'in ƙarfin launi.

Wannan ƙarfi yana da halaye biyu. Idan aka yi ƙoƙarin raba kwak biyu, filin da ke tsakaninsu yakan miƙe kamar roba, har ya tsinke ya haifar da sababbin ƙwayoyi a bakin tsinkewar, shi ya sa ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba. Idan kuwa suka matso kusa ƙwarai, ƙarfin yakan yi rauni. David Gross da Frank Wilczek da David Politzer ne suka gano hali na biyu a 1973, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Abin lura kuma, nauyin ƙwayoyin kwak uku da ke cikin furoton kimanin kashi 1 ne cikin 100 na nauyinsa. Sauran duk daga kuzarin filin guluwon da motsin ƙwayoyin yake. Wato ke nan mafi yawan nauyin jikin mai karatu daga wannan fili ya fito.

2.4 Daidaito

Ana cewa abu ya kai daidaito idan ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, adadi ɗaya na zafi ya isa ya bayyana yadda kuzari ya rabu tsakanin ƙwayoyinsa. Na biyu, matsin da yake yi ya zama ɗaya ta kowace fuska. Na uku, ya manta da tarihinsa: wanda ya kalli shayin da aka gama haɗawa ba zai iya cewa madara aka fara zubawa ko sukari ba. Abin da ke nesa da daidaito bai cika ko ɗaya daga cikin ukun ba, ba a ma iya cewa ga yawan zafinsa.

3.0 Inda Ake Yin Gwajin

Ra'in ƙarfin launi ya nuna cewa idan zafi ya kai kimanin digiri tiriliyan 2, furoton da niyutiron za su narke, ƙwayoyin kwak da guluwon su gauraya su zama abin da ake kira filasmar kwak da guluwon. Tsakiyar rana kanta digiri miliyan 15 ce kawai. Masana sun yi ittifaƙi cewa sararin samaniya duka yana cikin wannan hali a farkonsa, har zuwa kimanin kashi 10 cikin miliyan na sakan ɗaya bayan babbar fashewar da ake kira mafarinsa.

Domin a sake samar da wannan hali, an gina na'urar RHIC a Brookhaven, mai kewayen kilomita 3.8, ta fara aiki a shekarar 2000. A cikinta an gwara cibiyoyin zinariya, kowace mai furoton 79 da niyutiron 118, suna gudun kashi 99.995 cikin 100 na gudun haske. A 2010 masu binciken suka sanar da cewa zafin karon ya kai kimanin digiri tiriliyan 4. A watan Nuwamba na wannan shekara na'urar LHC ta cibiyar CERN, mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa kan iyakar Siwizalan da Faransa, ta fara gwara cibiyoyin dalma, kowace mai furoton 82 da niyutiron 126. A gwajin 2015, karo ɗaya na gaba da gaba ya fitar da ƙwayoyi masu caji fiye da 20,000.

A nan muna buƙatar ma'aunai biyu. Idan aka raba mita ɗaya gida tiriliyan dubu, kowane gida shi ne fami ɗaya. Faɗin furoton bai kai fami 2 ba, na cibiyar zinariya kuwa kimanin fami 14 ne. Lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa fami ɗaya za mu kira shi taki ɗaya. Idan aka raba sakan gida tiriliyan, aka ɗauki gida ɗaya aka sake raba shi gida tiriliyan, to uku daga cikin waɗannan su ne kimanin taki ɗaya. Rayuwar filasmar gaba ɗaya kimanin taki 10 ce.

4.0 Tambayar da Ta Taso

Da yawan masana sun zaci filasmar za ta kasance kamar iska, kowace ƙwaya tana harkar gabanta. A watan Afirilu na 2005 ƙungiyoyin bincike huɗu na RHIC suka sanar da akasin haka: abin da suka samu yana kwarara ne kamar ruwa maras kauri.

Ga yadda aka gane. Yawancin karo ba gaba da gaba yake zuwa ba, gefen wannan cibiya ne ke haɗuwa da gefen waccan, sai wurin haɗuwar ya ɗauki siffar ƙwallon dabino, dogo ta wata fuska, siriri ta ɗayar. Da ƙwayoyin ba sa jin juna, da sun watsu daidai ta ko'ina. Amma na'urorin awo sun nuna sun fi fita ta fuskar da take siririya, kamar yadda ruwan da aka matse zai yi. Haka kuma, kaurin wannan ruwa, idan aka gwada shi da yawan hargitsin da ke cikinsa, ya gaza na duk wani ruwa da aka sani. Zuma ta fi kunu kauri, kunu ya fi ruwan sha, amma bisa wannan ma'auni ruwan sha ma ya fi filasmar kauri nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce lokaci. Domin lissafin kwarara ya dace da abin da aka auna, dole ne a fara shi da wuri, kimanin taki 0.6 zuwa 1 bayan karo, tun kafin siffar ƙwallon dabino ta baje. A wancan lokaci an ɗauka cewa ba a amfani da dokokin kwarara sai abu ya kai daidaito ko ya yi kusa da shi. To, ta yaya abin da ya fito daga karo mafi tsanani zai daidaita kafin haske ya gama ratsa furoton ɗaya? Amsa wannan tambaya ita ce aikin wannan fanni.

5.0 Matakan Tafiyar

5.1 Kafin Karo

Bisa ra'in Albert Einstein na 1905, abin da ke gudu kusa da gudun haske yakan tsuke ta fuskar da ya dosa, lokaci kuma ya yi masa jinkiri. A RHIC cibiyar zinariya takan tsuke kimanin sau 100, ta koma kamar faifai. Guluwon da suka saba bayyana su ɓace nan take sai su daɗe, su riƙa rabuwa suna yawaita har wuri ya cika, haɗewarsu ta zo daidai da rabuwarsu. Larry McLerran da Raju Venugopalan suka nuna a 1994 cewa idan guluwon suka yi yawa haka, ya fi sauƙi a ɗauke su a matsayin igiyar fili guda, kamar yadda mai kallon kogi yake ganin igiyar ruwa ba tare da ya ƙirga ɗigo ba. An kwatanta wannan hali da gilashi, domin gilashi yana kama da daskararren abu alhali ƙwayoyinsa ba a jere suke ba.

5.2 Gilasma

Faifan biyu sukan ratsa juna cikin ƙasa da taki ɗaya, kowanne ya ci gaba da tafiyarsa. Amma sukan bar filayen launi a tsakaninsu, a miƙe daga wannan faifai zuwa wancan kamar zaren da aka ja a masaƙa. A 2006 Tuomas Lappi da McLerran suka raɗa wa wannan hali suna gilasma. Ɗaliban ginin kalma za su gane cewa harɗaɗɗiyar kalma ce: an ɗauki kan gilashi aka haɗa da wutsiyar filasma, domin halin yana tsakanin biyun.

Gilasma tana nesa ƙwarai da daidaito. Ta gefe tana turawa waje, amma ta fuskar tsawo tana ja ciki kamar robar da aka miƙe. Bugu da ƙari, faifan suna ci gaba da nisantar juna da gudun da ya kusa na haske, yanayin da James Bjorken ya yi wa lissafi tun 1983. Wannan miƙewa tana rage matsin fuskar tsawo a kowane lokaci. Wato akwai ja-in-ja: bugun juna tsakanin guluwon yana son daidaita matsi, miƙewa kuma tana ɓata shi.

5.3 Zangon da Ke Kan Hanya

Zaren gilasma ba ya daɗewa a miƙe. Tun 1959 Erich Weibel ya nuna cewa idan ƙwayoyi masu caji suka fi gudu ta wata fuska, ɗan ƙaramin karkacewa a cikin fili yakan ninka kansa har ya yi girma. Stanisław Mrówczyński ya kawo wannan tunani cikin filayen launi tun 1988, kuma a 2006 Paul Romatschke da Venugopalan suka gan shi cikin lissafin gilasma a kwamfuta. Zaren sukan lanƙwashe, su tsittsinke, fili ya hargitse.

Abin da ya biyo baya shi ne babban darasin wannan fanni. A 2013 da 2014 Jürgen Berges da Kirill Boguslavski da Sören Schlichting da Venugopalan suka bi diddigin filayen a kwamfuta, suna farawa daga yanayi daban-daban. Sai suka tarar cewa ko daga ina aka fara, bayan ɗan lokaci filayen sukan faɗa tafarki guda. A kan wannan tafarki, yadda kuzari ya rabu tsakanin guluwon yana riƙe siffa ɗaya, girmanta ne kawai ke sauyawa bisa ƙa'ida, kamar hoto ɗaya da ake ragewa ko ƙarawa. Fatake daga garuruwa daban-daban sukan haɗu a zango ɗaya kafin su isa inda za su, daga nan kuma hanyarsu ɗaya ce. Haka filayen suke: ba su isa daidaito ba, amma sun riga sun cika sharaɗi na uku, wato sun manta da inda suka fito.

5.4 Daga Ƙasa Zuwa Sama

Wannan sakamako ya dace da hasashen da Rudolf Baier da Alfred Mueller da Dominique Schiff da Dam Thanh Son suka yi tun 2001, wanda ya kasa tafiyar mataki uku. A mataki na farko guluwon masu yawan kuzari sun cika wuri, suna aiki kamar igiya, miƙewa tana rage cunkosonsu. A mataki na biyu sun yi ƙaranci har ana iya ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, suna kuma fitar da ƙananan guluwon masu ƙarancin kuzari. Waɗannan ƙanana suna saurin bugun juna, don haka su ne ke fara daidaita a tsakaninsu, su zama kamar tafki. A mataki na uku manyan sukan ratsa tafkin suna rabuwa kashi-kashi har kuzarinsu ya ƙare a ciki. Saboda daidaito yana farawa daga ƙanana ya hau zuwa manya, aka kira tsarin daga ƙasa zuwa sama. Ƙiyasin farko ya ba da lokacin da ya fi wanda gwaji ke buƙata tsawo, shi ya sa aka daɗe ana shakkar tsarin.

5.5 Kwarara Kafin Daidaito

Warwarar ta zo ne da aka sake duba tambayar kanta. Daga 2009 zuwa 2012 lissafin Paul Chesler da Laurence Yaffe, da kuma na Michal Heller da Romuald Janik da Przemysław Witaszczyk, ya nuna cewa dokokin kwarara suna fara aiki alhali matsin fuskar tsawo bai kai na gefe ba, bambancin ma ba ƙarami ba ne. A 2015 Aleksi Kurkela da Yan Zhu suka bi tsarin daga ƙasa zuwa sama da cikakken lissafi, suka sami abu ɗaya: kimanin taki ɗaya bayan karo, kwarara ta kankama, daidaito kuwa da saura. A shekarar kuma Heller da Michał Spaliński suka nuna cewa ita ma kwararar tana da tafarki guda da yanayi daban-daban ke faɗawa.

Ashe kuskuren yana cikin zaton cewa sai an daidaita ake kwarara. Abin da kwarara ke buƙata shi ne a manta da bayanan farko, ya rage 'yan adadi kaɗan, kamar yawan kuzari da saurin gudu, da za su bayyana halin da ake ciki. Filayen guluwon, saboda suna jin juna, suna yin wannan mantuwa da sauri.

6.0 Dalilin Wuyar Lissafin

Mai karatu zai iya tambaya, tunda an san ƙa'idojin ra'in ƙarfin launi tun shekarun 1970, me ya hana a ba kwamfuta ta fitar da amsa? A 1974 Kenneth Wilson ya kawo dabarar yanka sarari gida-gida kamar allon dara domin kwamfuta ta iya lissafi. Da ita aka gano zafin da furoton ke narkewa. Amma dabarar tana aiki ne da abin da ya riga ya daidaita. Hoto take ɗauka, ba ta ɗaukar fim. Idan aka nemi ta bi abu yana sauyawa cikin lokaci, adadin da za a tara sukan zo wasu da alamar ƙari wasu da alamar ragi, su cinye juna, amsa ta nutse cikin kuskure. Ana kiran wannan matsalar alama.

Saboda haka ake rarraba aikin. Inda guluwon suka yi cunkoso, ana lissafinsu a matsayin igiya. Inda suka yi ƙaranci, ana lissafinsu a matsayin ƙwayoyi masu bugun juna, bisa hanyar da Ludwig Boltzmann ya shimfiɗa a 1872. Hanya ta uku ta samo asali daga Juan Maldacena a 1997, wanda ya nuna cewa wani ra'in geji, ɗan'uwan ra'in ƙarfin launi, yana daidai da lissafin ƙarfin jan nauyi a sarari mai fuska biyar. A wannan fassara, isa daidaito yana daidai da samuwar baƙin rami. Da ita Chesler da Yaffe da Heller suka yi aiki. Kowace hanya tana da iyakarta, amma ganin cewa hanyoyi masu bambancin tushe sun kai ga sakamako mai kama da juna shi ya ƙarfafa gwiwar masana.

7.0 Alaƙa da Wasu Fannoni

Tunanin zango bai tsaya a kan guluwon ba. A 2018 ƙungiyoyin bincike a Heidelberg da Biyana da Kambirij suka yi gwaji da iskar ƙwayoyin zarra da aka sanyaya har kusa da ƙarshen sanyi, suka girgiza ta, suka ga tana bin tafarki guda ko daga ina aka fara. Abu mafi zafi da abu mafi sanyi da ɗan'adam ya samar suna bin tsari iri ɗaya a kan hanyarsu ta zuwa daidaito.

Har ila yau, a 1967 Andrei Sakharov ya nuna cewa ba za a sami rinjayen ƙwayoyin da aka yi mu da su a kan kishiyoyinsu ba sai sararin samaniya ya taɓa fita daga daidaito. Da adadinsu ya zo ɗaya, da sun shafe juna, ba taurari ba ƙasa. Don haka fahimtar filayen geji a wannan hali tana cikin ƙoƙarin bayyana dalilin samuwar abubuwan da muke gani.

Ta fuskar kayan aiki, a 2016 masu bincike a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya suka yi amfani da ƙaramar kwamfutar kwantum mai ƙwayoyi huɗu suka bi sauyin wani sauƙaƙan filin geji cikin lokaci, hanyar da ke kauce wa matsalar alama. Ta fuskar gwaji kuma, tun 2010 aka fara ganin alamun kwarara har a karon furoton da furoton, inda ɗigon ya yi ƙanƙanta da zai sami lokacin daidaita. Domin a gano inda iyakar take, a watan Yuli na 2025 aka gwara cibiyoyin oksijin da na niyon a LHC. A 2020 kuma gwamnatin Amurka ta zaɓi Brookhaven domin gina sabuwar na'ura da za ta harba ilektiron cikin cibiyoyi, a auna cunkoson guluwon da aka bayyana a 5.1 kai tsaye.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana ma'anar fili da geji da daidaito, ta kuma bi karon cibiyoyi biyu daga faifan da ke cike da guluwon, zuwa gilasma, zuwa zangon da filaye ke manta asalinsu, har zuwa ruwan da ke kwarara kimanin taki ɗaya bayan karo. An ga cewa tambayar da ta dami masana bayan 2005 ta sami sauƙi ne da aka bambanta abu biyu da a da ake ɗauka ɗaya ne, wato kwarara da daidaito. Wannan darasi ne ga ɗalibin harshe ma: kalma ɗaya da aka ɗora wa ma'ana biyu tana iya tsayar da bincike shekaru. Kalmomin da aka yi aiki da su a nan, kamar taki da zango da filin geji, shawara ce ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu. Duk wanda ya ga wadda ta fi dacewa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke.

Tambayoyin Bita

1. Yi amfani da misalin mudu ka bayyana bambancin sauyin geji da ƙarfi na zahiri.
2. Me ya bambanta guluwon da foton, kuma mene ne tasirin wannan bambanci bayan karo?
3. Kawo sharuɗɗan daidaito uku, ka nuna wanda filayen ke fara cikawa.
4. Kalmar gilasma harɗaɗɗiya ce. Ƙirƙiro mata wata daga tushen Hausa, ka kare zaɓinka cikin jimla uku.